Na hannu ko na batir? Zaɓen kayan auna majinyaci

Duk wanda aka ɗora wa sayen kayan awo na ɗakin jinya, ko na ƙaramin asibiti, ko ma na gidan da ake jinyar tsoho, tambaya ɗaya ce ke fara tare shi: a ɗauki na hannu, waɗanda ake matsawa a saurara a ƙirga, ko na batir masu fito da lamba a kan gilashi? Tsofaffin ma'aikatan jinya da yawa sun fi yarda da kunnensu da yatsunsu. Matasa kuwa da na'ura suka taso, wasunsu rabonsu da sa abin sauraro a kunne don awon jini tun suna makaranta. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, sai dai amsar ba ɗaya ba ce ga alamomi biyar ɗin da ake dubawa, wato matsin jini, bugun jijiya, numfashi, zafin jiki da yawan oksijin a jini. A wata alamar na'ura ta yi wa hannu fintinkau. A wata kuma har yau babu abin da ya kama ƙafar ido da agogo.

Matsin jini, inda gardamar ta fi zafi

Awon hannu ya daɗe. Wani likita ɗan Italiya, Riva-Rocci, shi ya fito da maɗaurin da ake hura wa iska a damtse a 1896. A 1905 kuma Nikolai Korotkoff na Rasha ya gano cewa idan aka ɗora abin sauraro a kan jijiyar da ke lanƙwasar gwiwar hannu, aka riƙa sassauta iskar a hankali, ana jin wani ƙwanƙwasawa. Inda sautin ya fara shi ne lambar sama, matsin da jini ke yi lokacin da zuciya ta matse ta tura shi. Inda ya ɗauke gaba ɗaya shi ne lambar ƙasa, lokacin da zuciya ta saki tana cika. Sama da shekara ɗari ke nan, kuma har gobe da wannan hanyar ake gwada ko sabuwar na'ura tana faɗin gaskiya.

Amma hanyar tana da sharuɗɗa, kuma a ɗakin da majinyata suka yi yawa ma'aikata suka yi kaɗan, sharuɗɗan ne ke fara zubewa. Kamata ya yi a fara lalubo bugun jijiya a wuyan hannu, a hura iska har bugun ya ɓace, a riƙe lambar, sannan a ƙara 20 zuwa 30 a kanta kafin a sa kunne. Dalili shi ne, a wasu masu hawan jini, musamman tsofaffi, sautin yakan fara, ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Wanda bai hura iska ta haura wannan giɓin ba zai ɗauki dawowar sautin a matsayin farawarsa, ya rubuta 140 ga mutumin da jininsa ke 180. Sakin iskar ma da ƙa'idarsa, milimita 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Mai gaggawa yakan kwance makunnin allura ta zube ƙasa, sai lambar sama ta ragu ta ƙasa ta ƙaru bai sani ba. Ga hayaniyar ɗaki, ga kunnen da ya fara nauyi. Ga kuma wata ɗabi'a da aka daɗe da kama mu da ita, son sifili. Ku buɗe takardar awon da aka cika da hannu, za ku ga 120/80, 130/80, 140/90 a jere, kamar jinin ɗan Adam goma-goma yake tafiya. Mai 144 an rubuta masa 140, mai 136 shi ma 140, alhali a daidai wannan iyakar ake yanke wa mutum hukuncin hawan jini.

Na hannun ma iri biyu ne. Mai zaiba, wanda ruwan ƙarfen ke hawa cikin dogon gilashi, shi ne mafi daidaiton awo, domin nauyin zaiba ba ya canzawa. Sai dai zamaninsa ya wuce. Zaiba guba ce, idan gilashin ya fashe tururinta na cutar da ƙwaƙwalwa da ƙoda, shi ya sa Yarjejeniyar Minamata da ƙasashe suka sa wa hannu a 2013 ta tsayar da 2020 a matsayin shekarar daina ƙera irin waɗannan ma'aunai da fataucinsu tsakanin ƙasashe. Ba zan ba kowa shawarar sayen sabo ba. Saura mai allura da fuska irin ta agogo. Shi ba ruwansa da wuta ko batir, ga sauƙin ɗauka, amma cikinsa siraran ƙarafa ne da faɗuwa ɗaya kan iya karkatar da su. Yana buƙatar a riƙa daidaita shi aƙalla duk wata shida, kuma a gaskiya wurare kaɗan ne ke yin hakan.

Na batir ba ya sauraron komai. Girgizar da bugun jijiya ke yi a cikin iskar maɗaurin yake ji, ya nemi inda girgizar ta fi ƙarfi, wanda ya yi daidai da matsakaicin matsi, daga nan ya lissafo lambar sama da ta ƙasa da wani lissafin da kamfani ya saka masa. Kowane kamfani kuma da nasa lissafin. Wannan ne ya sa maganar tantancewa ta zama wajibi. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ita ce a gwada na'urar a kan mutum aƙalla 85, ana kwatanta ta da awon ƙwararru na kunne, kuma kada matsakaicin bambancin ya wuce milimita 5. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa a intanet ba su taɓa shiga wannan gwajin ba. Akwai jerin waɗanda suka ci gwajin, irin na shafin intanet na STRIDE BP, kuma duba sunan samfurin a can ba ya cin minti biyar. Wanda ya jefar da mai zaiba ya sayi na batir ɗin da ba a tantance ba, gudun gara ya yi ya faɗa zago.

Idan na'urar tantacciya ce, ni a ganina ta fi hannu a awon yau da kullum na babban mutum wanda jikinsa ke tsaye. Ba ta son sifili, ba ta gajiya da asuba, hayaniya ba ta dame ta ba, kuma lambar da za ta ba sabuwar ɗaliba ita za ta ba shugabar ɗaki. A kan haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta karkata ga na batir na damtse waɗanda aka tantance.

Matsalar ita ce, wanda ya fi bukatar a san matsin jininsa da gaggawa, shi ne na'urar ta fi yawan kasawa a kansa. Ku ɗauki matar da ta zubar da jini bayan haihuwa, tafin hannunta ya yi sanyi, gumi na tsattsafo mata a goshi. An ɗaura mata maɗauri, na'urar ta hura, ta saki, ta sake hurawa, ta nuna alamar kuskure. Sai a ga ma'aikaciya ta gyara maɗaurin ta sake dannawa, ta canza hannu, ta je neman sabon batir. Minti huɗu sun tafi. Na'urar ba ta lalace ba, girgizar da take nema ce ta yi rauni har ba ta jin ta, kuma wannan kasawar ita kanta saƙo ce. A nan yatsu biyu a wuyan hannu da maɗaurin hannu za su ba da lambar sama cikin rabin minti: a hura har bugu ya ɓace, a sassauta, inda ya dawo nan ne. Haka abin yake ga mai bugun zuciya marar tsari, wanda wani bugun ke zuwa da ƙarfi wani da rauni, lissafin na'ura yakan rikice. Haka ga mai karkarwa ko rawar ɗari. Ga mai ciki kuma, musamman mai hawan jinin da kan kai ga jijjiga, an san wasu na'urori na rage lambar, don haka sai wadda aka tantance ta musamman a kan masu ciki. Mace mai 160/110 da na'ura ta nuna ƙasa da haka, an jinkirta mata maganin da take bukata a wannan sa'ar.

Na wuyan hannu kuwa ban cika son sa ba. Jijiyar wurin siririya ce, kuma hannu ba ya zama wuri ɗaya. Duk santimita 10 da wurin awo ya sauka ƙasa da saitin zuciya yana ƙara kusan milimita 7 zuwa 8 a lambar. Amfaninsa ɗaya, ga mai ƙaton damtsen da babu maɗaurin da ke zagaye shi, shi ma sai an ɗora wuyan hannun a ƙirji.

Abin da ya fi ba ni takaici a duk wannan gardamar shi ne, ana ta jayayya a kan na'ura an manta da maɗauri. Jakar iskar da ke cikinsa ya kamata tsawonta ya zagaye kusan kashi 80 cikin ɗari na damtse, faɗinta kuma kusan kashi 40. Ƙaramin maɗauri a babban damtse yana ƙara lamba, babba a siririn damtse yana rage ta. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa masu bukatar maɗauri mafi girma, idan aka ɗaura musu matsakaici, lambarsu ta sama kan ƙaru da kusan 20. Babu bambancin hannu da batir da ya kai wannan. Haka zama: a bar mutum ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, damtse tsirara a kan tebur saitin zuciya, mara babu fitsari. "Baba, ɗan yi shiru har ta gama" jimla ce da ke gyara awo fiye da sabuwar na'ura. Kuma kowace iri ce a hannunku, a kauce wa hannun da ake ƙarin ruwa, da wanda aka yi wa hanyar wankin ƙoda, da ɓangaren da aka cire wa mace nono da ƙulluttan hammata.

Bugun jijiya ba ya bukatar dogon bayani. Na'urar awon jini da ta yatsa mai auna oksijin duk suna ba da adadinsa kyauta, kuma idan bugun yana tafiya daidai, adadin gaskiya ne. Babban mutum a hutawa 60 zuwa 100 ne a minti, jariri sabon haihuwa kan kai 160 lafiya lau. Abin da na'ura ba ta faɗa shi ne yanayin bugun: cikakke ne ko siriri kamar zai ɓace, a jere yake ko yana tsallake, fatar da ɗumi ko sanyi da danshi. Wannan sai yatsu, manuni da na tsakiya, ban da babban yatsa mai nasa bugun. Idan a jere yake, daƙiƙa 30 sau biyu ya isa. Idan yana tsallake, sai cikakken minti, a kuma saurari zuciyar kanta a ƙirji, domin wani bugun ba ya isowa wuyan hannu. Mai shan digoksin, wani maganin zuciya, shi ma a ƙirji ake ƙirga masa minti guda kafin a ba shi, idan ya gaza 60 a dakata a sanar da likita. Shawarata a nan ba zaɓe ba ce: a taɓa jijiya kafin a danna na'ura, kowane lokaci.

Alamar da ba ta da na'ura

Numfashi shi ne maraya a cikin alamomin nan. A yawancin ɗakunan jinya babu abin da ke ƙirga shi sai mutum, kuma tunda babu gilashin da zai fito da lamba, sai a cike gurbin da ka. Takarda bayan takarda za ku ga 18, 20, 18, 20, safe da yamma, ga mai barci da mai zazzaɓi. Wannan ba awo ba ne, kuma yana ɓoye alamar da ta fi saurin tona asirin taɓarɓarewar jiki. Tun kafin matsin jini ya faɗi, tun kafin oksijin ya sauka, jikin da ƙwayar cuta ta shiga jininsa ko huhunsa ke cika da ruwa yakan fara da ƙara numfashi.

Na babban mutum 12 zuwa 20 ne a minti. Wanda ya kai 25 yana kwance bai yi wani aiki ba, a tashi tsaye a kansa. Wanda ya sauka 8 ko ƙasa, musamman bayan allurar kashe zafi irin su mofin, shi ma haka. A yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar da ake zargin nimoniya: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa 11, sai 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Da wannan ƙirgar kaɗai, babu hoton ƙirji, ake gano yara masu ɗimbin yawa da ke bukatar magani.

Dabarar tsohuwa ce: bayan an gama ƙirga bugun jijiya, kada a saki hannun. A ci gaba da riƙe shi ido na kan ƙirji, domin da zarar mutum ya san ana kallon numfashinsa zai canza shi. Cikakken minti ake yi, ga yaro kuma sai ya natsu ba ya kuka. Wanda ya ƙirga daƙiƙa 15 ya ninka huɗu, kuskuren numfashi ɗaya ya zama huɗu, kuma huɗu sun isa su mayar da 24 ta zama 20. Ido kuma yana ganin abin da lamba ba ta ɗauka: hancin da ke buɗewa, ƙasan haƙarƙarin yaro da ke lotsawa ciki, mutumin da ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya, ko dogon numfashi mai zurfi na mai ciwon suga da jininsa ya yi tsami. Manyan na'urorin gefen gado suna nuna adadin numfashi daga wayoyin da ake manna wa ƙirji, amma motsi da tari na ruɗa su, don haka lambarsu ma sai an tabbatar da ido. Abin saye a nan agogo ne mai hannun daƙiƙa, a bango inda ake hango shi daga kowane gado.

Zafin jiki

A nan na gilashi mai zaiba ya riga ya faɗi, saboda dalilin da ya kori ɗan'uwansa na awon jini, ga kuma jinkiri da fashewa a bakin yaro. Gasar tsakanin na batir mai tsinke ne, da na kunne, da na goshi wanda ba ya taɓa fata.

Kafin zaɓe, a san cewa digiri 37 da muka haddace matsakaici ne kawai, daga aikin likitan Jamus Carl Wunderlich na 1868. Jikin mai lafiya yakan sauka da asuba ya hau da yamma. Daga 38 ake kiran zazzaɓi, ƙasa da 35 kuma sanyi ne mai haɗari. Wurin awo ma yana canza lamba: dubura takan fi baki da kusan rabin digiri, hammata kuma takan gaza baki da kusan haka. Don haka lambar da aka rubuta ba a faɗi wurin da aka auna ba, rabin labari ce.

Mai tsinke shi ne jakin aiki. Yana shiga baki, hammata ko dubura, batirinsa na daɗewa, kuma kuskurensa yawanci na mai riƙe shi ne. A baki, tsinken ƙarƙashin harshe yake zuwa can gefe, leɓe a rufe, bayan an jira aƙalla minti 15 da shan abu mai zafi ko sanyi. Ba a sa wa wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko ƙaramin yaro, ko mai numfashi ta baki. A hammata sai an share gumi, tsinken ya shige can tsakiya, an matse hannun da jiki. Ita ce hanyar jarirai, inda ake son 36.5 zuwa 37.5. Dubura ta fi kusa da zafin cikin jiki, amma ba a kusantarta ga mai ƙarancin ƙwayoyin garkuwa, ko mai saurin zubar jini, ko wanda aka yi wa aiki a wurin.

Na kunne yana da sauri, daƙiƙa biyu an gama, kuma idan an iya shi yana da kyau. Sai an ja kunnen babba sama da baya don hanyar ta miƙe ya hango dodon kunne. Datti a kunne, ko kunnen da aka kwanta a kansa, ko 'yar siririyar hanyar kunnen jariri, duk suna ɓata shi. Yana kuma cin murfin roba sabo ga kowane majinyaci, ranar da murfin ya ƙare aikinsa ya tsaya. Na goshi, wanda ya cika ko'ina lokacin annobar korona, shi ne na fi taka-tsantsan da shi. Zafin fata yake karantawa, fata kuma tana bin iskar ɗaki. Wanda ya shigo daga rana zai nuna zazzaɓin da babu, mai gumi ko wanda ya zauna gaban fanka zai nuna lafiyar da babu. Ya isa tace jama'a a ƙofa. Bai isa a yanke hukunci da shi a kan jaririn da bai kai wata uku ba, wanda 38 a jikinsa ke nufin asibiti yanzu-yanzu. Tsoho kuma yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, kowane ma'auni aka sa masa.

Na'urar yatsa

Ita ba ta da kishiya ta hannu. Ido ba ya ganin ƙarancin oksijin sai abin ya yi nisa, a fata mai duhu kuma ya fi wuyar gani. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970: haske iri biyu ke ratsa yatsa, jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda babu kowanne da yadda yake shanye su. Mai lafiya kashi 95 zuwa 100 yake nunawa. Ƙasa da 90 ana maganar ba da oksijin. Masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu kuwa 88 zuwa 92 ake nema musu da gangan, domin yawan oksijin na iya tara musu gurɓatacciyar iska a jini.

Zaɓen a nan tsakanin 'yar ƙarama ce mai kama yatsa da kuma ta asibiti mai waya da kawuna daban-daban. Duk inda ake kula da jarirai, ta biyun ce dole, domin 'yar ƙaramar ba ta zama a yatsan jariri, ana bukatar kan da ake naɗawa a tafin ƙafa. Kowacce aka ɗauka, a nemi mai nuna igiyar bugu a gilashi. Idan igiyar ba ta tafiya a tsare, ko adadin bugun da ta nuna ya saɓa da wanda yatsunku suka ƙirga, lambar oksijin ɗin ma ba abin yarda ba ce. Yatsa mai sanyi, jan farce mai duhu, motsi da hasken rana kai tsaye duk suna ruɗa ta.

Akwai ruɗin da ya fi waɗannan haɗari, domin lamba mai kyau yake nunawa. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki zai iya nuna 98 yana mutuwa, saboda na'urar ba ta bambance gubar hayaƙin da oksijin. Mai ƙarancin jini sosai zai nuna 99, domin ɗan jinin da ya rage a cike yake, amma bai isa jiki ba. Wanda ke kan oksijin bayan tiyata, numfashinsa na raguwa, lambarsa za ta daɗe tana kyau. Sai kuma launin fata. Binciken Jami'ar Mishigan da aka wallafa a 2020 ya duba majinyatan da na'ura ta nuna musu 92 zuwa 96, aka kwatanta da awon jinin jijiya. A kusan kashi 12 cikin ɗari na awon da aka yi wa baƙaƙen fata, ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba, a fararen fata kuwa bai kai kashi 4 ba. Ga mai duhun fata, 93 tare da saurin numfashi ba lambar kwantar da hankali ba ce.

To me za a saya?

Kafin amsa, a tuna cewa alamomin nan tare ake karanta su. Tsarin maki na NEWS, wanda Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar a 2012 ta sabunta a 2017, yana haɗa numfashi, oksijin, lambar sama ta jini, bugu, zafi da hayyacin majinyaci, ya ƙara maki idan yana kan oksijin. Jimlar 5 na bukatar a kira likita da gaggawa, 7 kuma ta-ɓaci ce. Ba a amfani da shi ga masu ciki ko yara 'yan ƙasa da 16, su da nasu. Amfaninsa shi ne yana kama mutumin da kowace lambarsa ta ɗan kauce kaɗan, babu wadda ta isa tayar da hankali ita kaɗai. Matashi mai zubar jini a ciki yakan riƙe matsin jininsa har ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa, bugunsa ne ke hawa tun da wuri. Idan adadin bugu ya haura lambar sama ta jini, misali 115 a kan 100, a nemi inda jini ko ruwa ke tafiya. Tsari irin wannan ba ya aiki idan ɗaya daga cikin lambobin ƙirƙira ce, kuma wadda aka fi ƙirƙira ita ce wadda ba a saye da kuɗi.

Ga ɗakin kwantar da manya, zan ɗauki tantaccen na batir na damtse don zagayen yau da kullum, da maɗaurai aƙalla uku, ƙarami da matsakaici da babba, sannan mai allura guda da abin sauraro a ajiye inda kowa ya sani, ba a kulle a ofis ba. A riƙa sa ɗalibai da sababbin ma'aikata suna awo da shi a kai a kai, domin ranar da za a bukace shi ba ranar koyo ba ce. Ɗakin haihuwa da na gaggawa su ne suka fi bukatar wannan. Ga ƙaramin asibitin da wuta ba ta tsayawa, kada a ɗauki mai caji kawai, a nemi mai cin batir ɗin da ake samu ko'ina, a kuma ajiye na canji, domin batir mai rauni ba ya iya hura maɗauri yadda ya kamata. Idan kuɗi bai isa komai ba, ƙarin maɗaurai da na'urar yatsa mai kan jarirai sun fi ma'aunin goshi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ga mai jinya a gida, na hannu ba nasa ba ne, sauraron sautin nan sai da horo. Na batir na damtse, bayan an auna zagayen damtsen da tef an sayi maɗaurin da ya dace, da ma'aunin zafi mai tsinke, sun wadatar. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin shan magani da kuma yamma, a rubuta lambar yadda ta fito har tsawon mako kafin ganin likita. A gida iyakar hawan jini 135/85 ce, ta ɗan gaza ta asibiti. Lambar da ta kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko mutuwar ɓarin jiki, ko dishi-dishin gani, ba ta jiran awo na biyu.

Kowanne aka saya, a riƙa duba lafiyarsa. Mai allura, idan babu iska a ciki, dole allurarsa ta zauna a sifili, in ta kauce a janye shi daga aiki. A naɗa maɗaurin a jikin kwalba, a hura zuwa 200, a rufe makunnin a zuba ido: idan allurar na zamewa da kanta, bututun ko jakar na yoyo. Maɗaurin da mannensa ya saki yana buɗewa ana tsakiyar hurawa, shi ma a canza shi. Na batir kuma a kai shi a gwada bisa lokacin da kamfaninsa ya rubuta, mai na gida ya tafi da nasa asibiti sau ɗaya a shekara a auna shi da su biyun a zama ɗaya, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya.